Bahago da Bindigar Masu Hannun Dama: Lamarin Wani Saurayi a Jidda

Kusan mutum ɗaya cikin kowane goma bahago ne, amma in ka shiga wurin koyon harbi ka dubi bindigogin da aka jera, da wuya ka ga wadda aka ƙera domin hagu. Abin da zan kawo a nan lamarin saurayi ɗaya ne, ɗan ƙanwata, haifaffen Makka wajen Shari'ul Mansur, mai aiki a Jidda, wanda ya shiga wani nadin harbi, wato kulob ɗin masu wasan harbi, mai lasisi da nake zuwa. Saura ƙiris ya watsar da wasan, don ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da hannun harbi. Hannu kuwa yana da shi. Ba a dai binciki ko wanne ne ba.

Bindigogin nadin iri biyu ne, duka masu cin ƙaramin harsashin nan .22 LR mai kaurin milimita 5.6, wanda da shi ake gasar mita 50 a duniya. Akwai mai sakata, wadda bayan kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, ka danna ƙasa ta kulle. Akwai kuma wadda ke tofar da kwanson da kanta ta ɗora wani, kai dai kunama za ka ja, kowane ja harsashi ɗaya. Ranar da ya yi rajista aka tambaye shi da wane hannu yake rubutu, ya ce da dama, sai aka ɗora masa bindiga a kafaɗar dama. Tambayar da ake yi wa kowa ke nan, kuma ga yawancin mutane ta wadatar.

Abin da ya fara jan hankali shi ne zaman kansa. Mai hannun dama yakan kwantar da kuncinsa na dama a kan ƙotar bindiga, idonsa na dama ya faɗo daidai bayan ƙarfen saiti. Shi kuwa sai ya riƙa miƙa wuya yana tsallaka ƙotar da fuska, har haɓarsa ta hau kanta, yana neman leƙawa da idon hagu bai ma sani ba. In an ce ya gyara, sai ya runtse idon hagun da ƙarfi, fuska ta yamutse, ba a jima ba idon dama ya fara kawo ruwa, baƙar da'irar da yake auna ta dushe masa. In ya buɗe ido biyu, harsasan su karkata hagu. Takardarsa ta mita 25 ba ta taɓa nuna ramuka a tare wuri ɗaya ba. Kunama ma fizgarta yake yi maimakon ya matse ta sannu a hankali. Wasu suka ce gaggawa ce, wasu suka ce tsoron ƙara ne, aka yi ta koya masa riƙe numfashi. Duk ba a nan gizo yake saƙa ba.

Wanda ya gano bakin zaren wani dattijon mai horarwa ne da kowa ke ce wa Kaftin, kamar yadda ake kiran masu horarwa a ƙasar nan. Shi ma namu ne, kakanninsa daga ƙasar Hausa suka zo sauke farali suka zauna. Wata rana aka jefa wa yaron makullin mota daga bakin ƙofa, ya cafe shi da hagu ba tare da ya yi tunani ba. Kaftin ya kira shi.

"Ɗana, da wane hannu kake jifa?"

"Da hagu, Kaftin."

"Ƙwallo fa?"

"Ita ma ƙafar hagu."

Sai ya sa shi ya miƙe hannuwansa biyu gaba, ya haɗa tafukan ya bar 'yar kafa mai kusurwa uku tsakanin manyan yatsu da manuniya, ya dubi agogon bango ta cikinta da ido biyu a buɗe, sannan ya jawo hannuwan zuwa fuskarsa ba tare da agogon ya ɓace masa ba. Kafar ta sauka a kan idon hagu. Aka sake, ta sake sauka can. Kowane mutum yana da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi wajen auna layi, kuma ga kimanin mutum biyu cikin uku idon dama ne. Na yaron nan na hagu ne, haka hannunsa, haka ƙafarsa.

Da na tuntuɓi mahaifiyarsa ko mamaki ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Ai Yaya, bahago ne tun yana rarrafe. Hajiya ce ta gyara shi." Gyaran kuwa ya fara ne daga akushi, wanda daidai ne, amma bai tsaya nan ba. Ya bi shi har allo, har alƙalamin makaranta, har ya girma yana rubutu da dama kamar kowa, shi kansa ya manta. Wannan ne ya sa nake ganin tambayar hannun rubutu ba ta da amfani sosai a tsakaninmu, mu da Larabawan da muke zaune da su. A gidajenmu bahagwai da yawa an mayar da su dama a ci da rubutu tun ba su yi wayo ba, amma ido ba ya jin tsawa, ba a kuma canza shi da dukan bayan hannu. Mai horarwar da ya tsaya a kan alƙalami zai riƙa ɗora wa irin waɗannan yara bindiga a kafaɗar da ba tasu ba, sannan a ɗora musu laifin rashin natsuwa. Yaro nawa ne suka bar wasan a haka, suna ganin gazawarsu ce?

Mahaifinsa bai so maganar komawa hagu ba da farko, kuma na fahimce shi. Muka zauna muka bi abin dalla-dalla. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya yi umarni da ci da sha da hannun dama, kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son farawa da dama wajen sa takalmi da taje kai da tsarki. Yaron yana kan duk wannan, babu mai cewa ya bari. Bindiga kuwa da hannu biyu ake riƙe ta ko a wace kafaɗa take, abin da ke sauyawa shi ne wanne ke tallafe da ita, wanne ke jan kunama. Masu tarihi sun siffanta Sayyidina Umar da cewa yana aiki da hannayensa biyu daidai wa daida. Kuma harbi abu ne da addini ya kwaɗaitar a kansa, kamar yadda Uƙbatu ɗan Amir ya ruwaito. Uban ya yi shiru, sannan ya ce, "To, in dai ba zai ji wa kansa ciwo ba."

Wannan sharaɗin nasa shi ne ainihin aikin, domin da aka mayar da bindigar kafaɗar hagu ido ya huta nan take, amma duk wani maɓalli da ƙarfe na jikinta ya koma inda bai dace ba.

Mai tofar da kwanso da kanta ce ta fara nuna hali. Ƙofar da kwanson ke fita a gefen dama take. Mai hannun dama fuskarsa tana hagu da ƙota, don haka kwanso da hayaƙi suna fita ne nesa da shi. Bahago kuwa fuskarsa tana dama, bayan ƙofar kai tsaye, kuma damtsensa na dama a miƙe yake ƙarƙashinta. Irin wannan bindiga takan feso ɓurɓushin albarushin da bai ƙone ba tare da kwanson, sai ya ji kamar yashi a kunci. Wata rana kwanso mai zafi ya daki allon da ke raba layuka ya dawo ya faɗa cikin wuyan tob ɗinsa, wato doguwar rigar Larabawa, wanda ya bari a buɗe saboda zafin Jidda. Ya zabura, ya kai hannu wuya, bakin bindigar ya fara juyawa gefe yatsansa yana kan kunama. Kaftin da ke tsaye bayansa ya damƙe bututun ya mayar da shi gaba. Ƙunar ba ta fi ƙwayar wake ba, kwana kaɗan ta warke. Juyawar bakin bindigar ita ce abin tsoron, kuma ita ce ta sa aka daina ɗaukar maganar hagu a matsayin neman jin daɗi.

Masu ƙera makamai sun daɗe da sanin wannan. Bindigar sojan Amurka M16A2, wadda ta fito a farkon shekarun 1980, an yi mata wani ɗan tudu a bayan ƙofar kwanso musamman don ya karkatar da shi daga fuskar bahago, abin da babu a wadda ta gabace ta. Steyr AUG ta ƙasar Ostiriya, ta 1977, an tsara ta yadda za a iya sauya sakatarta a mayar da fitar kwanso hagu. Mu namu maganin bai kai nan ba: tabarau mai rufe gefen ido, hula mai baki, wuyan riga a ɓalle har sama, dogon hannu, da ɗan marfin roba da ake maƙalawa bayan ƙofar ba tare da an huda ko an yanke komai ba. Sannan horo, wanda Kaftin ya yi ta maimaita masa har ya zauna: ko me ya ƙone ka, yatsa ya bar kunama, baki ya tsaya gaba, ka ajiye bindiga, sannan ka sosa.

Makullin tsaro shi ne inda aka fi kai ruwa rana. Na wannan bindiga ɗan maɓalli ne da ya ratsa gidan kunama daga gefe zuwa gefe. In ka tura shi daga dama zuwa hagu, jan zobe ya bayyana, bindiga ta buɗe. Mai hannun dama da manuniyarsa yake tura shi, ba ya ko motsa riƙonsa. Bahago sai ya saki riƙo ya zagayo da yatsa ta ƙarƙashin gidan kunama, wato yatsa yana yawo kusa da kunama a daidai lokacin da ake buɗe bindiga. Akwai irin maɓallin da aka ƙera a juye domin hagu, kuma yaron ya roƙi a sa wa ɗaya daga cikin bindigogin nadin. Kaftin ya ƙi, ya kuma tsaya kai da fata. Hujjarsa ita ce bindigar nadi hannu da yawa ke taɓa ta a yini guda, kuma duk wanda ya saba ya san cewa maɓalli in ya fito ta dama bindiga a kulle take. Ranar da aka juya na guda ɗaya, wani zai ɗauke ta, ya shafa da yatsa, ya ji abin da ya saba ji, ya ɗauka a kulle take alhali a buɗe take. Yaron bai ji daɗi ba, ya zo mini da ƙorafi: "Kawu, su duk an yi musu daidai da su, ni ne kullum zan lanƙwasa?" Ƙorafinsa gaskiya ne, amma ina bayan Kaftin. Makulli a juye na bindigar mutum ɗaya ne, wadda ba ya ba da aronta. Abin da aka koya masa shi ne ya buɗe makullin da hannun dama mai tallafe, bindiga tana kan madogara tana kallon gaba, kafin hannun hagu ya zauna a mariƙi. Ga mai shirin saye kuwa, akwai bindigogin da makullinsu ke sama, a bayan sakata, inda babban yatsa na kowane hannu ke kaiwa, kamar Savage 110 da Browning X-Bolt.

Ƙota ba ta ba da wahala ba, amma a nan aka fi samun riba. Ta mai sakatar tana da tudun kunci a gefen hagu, mariƙinta kuma an yi masa kumburi daidai tafin hannun dama. A hannun bahago ta zama kamar laujen da maƙeri ya wasa wa mai dama: zai yanka, amma sai an murɗa wuyan hannu. Aka nemo masa wata daga cikin na nadin mai miƙaƙƙiyar ƙota, gefe biyu iri ɗaya, aka ɗaura mata matashin kunci mai maɗauri wanda ake cirewa in ya gama. Daga ranar kuncinsa ya riƙa sauka wuri ɗaya a kowane harbi, ramukan takarda suka fara neman juna.

Maganar sakata tana da fuska biyu, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suka sani. In ana harbi a kan tebur, ko a kwance bindiga tana kan ƙafafunta biyu, bahago da sakatar dama ya fi mai hannun dama morewa. Hannunsa na hagu ba ya barin mariƙi, kuncinsa ba ya tashi, hannun dama da ba ya ɗauke da komai shi ke ɗaga sakata ya ja ya tura, kuma ƙofar harsashi tana gaban idonsa yana ganin abin da ke shiga. A haka yaron ya yi watanni yana ci gaba, har muka ɗauka an gama. Sai ya fara sha'awar harbin gasa, mai matsayi uku: durƙuso, kwance, tsaye. A durƙuso da kwance hannun da ke tallafe yana cikin safar hannu mai kauri, an ɗaure damtse da maɗaurin fata da ya haɗe da bindiga, ba ya motsi sam. Ga bahago wannan hannun shi ne na dama. Don haka bayan kowane harbi sai ya saki mariƙi, ya ɗaga kai, ya tsallako da hannun hagu ta saman bindiga ya laluɓo sakatar, sannan ya sake gina zamansa daga farko. Wanda ke gefensa mai hannun dama da yatsu biyu yake yin wannan, kansa ko motsi bai yi ba. A nan dabara ta ƙare.

Wani abokinsa ya ba shi shawarar a kai sakatar wurin mai walda a sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu walda, a yanke hannun a liƙa shi ta hagu. Wannan ita ce shawara mafi haɗari da aka kawo a duk lamarin. A bindigogin .22 da yawa, gindin hannun sakatar shi ne ke shiga wani gurbi ya kulle ta lokacin da harsashi ke tashi. Wanda ya yanke shi ya taɓa abin da ke tsakanin fuskarsa da wutar albarushi. Ko da waldar ta yi kyau, gurbin yana nan a dama, ƙofar kwanso tana nan a dama. A manyan bindigogi abin ya fi haka, domin in kwanso ya fashe a ciki, iska mai zafi galibi ta gefen ƙofar take neman hanya, gefen da fuskar bahago take. Ga kuma doka. Dokar makamai da harsasai ta Saudiyya, ta shekarar 1426 bayan Hijira, wato 2005, ta sa gyaran bindiga a ƙarƙashin lasisin Ma'aikatar Cikin Gida. Ba aikin mai waldar ƙofa ba ne.

Abin da ya rage shi ne bindigar da aka ƙera hagu tun daga masana'anta, kuma ba sabon abu ba ne. Kamfanin Savage ya fito da samfurin 110 a 1958, shekara guda bayan nan ya fito da na hagu. A yau CZ 457 da Tikka suna da na hagu, haka Anschütz a ɓangaren gasa, Walther kuma ta yi KK500 wadda ake iya sauya hannun sakatarta daga wannan gefe zuwa wancan, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mai fara aiki. A baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, ya fara riƙe irin wannan bindiga. Na ga yadda hannunsa na hagu ya bar mariƙi ya tarar da sakatar a inda ya nufa, ba laluɓe. Ya ɗaga, ya ja, ya tura, ya danna, kuncinsa yana kan ƙota. Ya juyo ya ce, "Kawu, ashe haka kuke ji."

Duk da haka ban goyi bayan ya saya a ranar ba, kuma har yanzu ba na ba bahago mai farawa shawarar ya fara da saye. Samfuran hagu kaɗan ne, sau da yawa sai an yi oda an jira, kuma ranar da ka tashi sayarwa masu neman irinta ba su da yawa. Wanda harbinsa bai wuce tebur ba, bindigar dama mai miƙaƙƙiyar ƙota ta ishe shi. Shi kuwa da ya tabbata gasa yake so, ya bi hanyar lasisi ta hukuma, ya yi oda ta hannun dillali mai izini, ya jira.

Kada kuma a ɗauka duk mai idon hagu sai ya koma kafaɗar hagu. A nadin akwai wani mai hannun dama na gaske, komai da dama yake yi, ido kawai ya saɓa. Shi Kaftin bai taɓa masa kafaɗa ba. Ya liƙa masa 'yar farar leda mai dishi-dishi a gilashin tabarau na hagu, haske yana shiga amma idon ba ya ganin saiti, sai na dama ya karɓi aiki ba tare da an runtse komai ba. Dokar gasa ta duniya ma ta yarda da irin wannan mayafin ido in faɗinsa bai wuce milimita 30 ba. Abin da ya bambanta ɗan ƙanwata shi ne ido da hannu da ƙafa duk sun taru a hagu, rubutu ne kaɗai ya ɓoye su.

Da bindigarsa ta iso, bai tashi sama nan take ba. Hannun dama ya riga ya saba zuwa neman sakata, sai ya riƙa miƙa shi ya tarar da wayam. Kaftin ya sa shi maimaita ɗagawa da ja da turawa da harsashin roba, domin jan kunamar .22 babu komai a ciki yana iya lotsa bakin gurbin harsashi a wasu bindigogin. Da sabon motsin ya zauna, ya harba biyar a mita 50 daga kan madogara, aka ɗauko takardar, Kaftin ya ɗora tsabar riyal ɗaya a kai ta rufe ramukan duka.

Nadin ya sauya abu ɗaya: yanzu kafin a miƙa wa sabon shiga bindiga ana tambayarsa hannun jifa, ana kuma yi masa gwajin ido a bakin layi. Bindigar hagu ta haya kuwa har yau babu, don haka bahagon da ya zo gobe da ta dama zai fara, da tabarau da matashin kunci da wuyan riga a ɓalle. Shi kuma yaron yanzu rigar gasa yake nema. Ita ma ana ɗinka ta ne da gefe, facin kafaɗa da maƙalin maɗauri kowanne da inda yake zama, kuma waɗanda ya samu a Jidda duk na masu hannun dama ne. Safar hannu ma ta dama yake bukata, alhali ta hagu ce ta cika kasuwa. Ya aika awon jikinsa waje, kafin su iso yana atisayen durƙuso da rigar sanyi mai kauri da tawul a naɗe a damtse.